A Bar Daeng Mangka a Kujerarsa Ranar Talata

Assalamu alaikum. Shugaban wannan taro, Mai Garinmu Daeng Sikki, Allah ya ƙara maka lafiya. Limaminmu Haji Baso, Allah ya gafarta. Shugabar makarantar da ta ba mu aron wannan fili. Iyayena mata da ke zaune a inuwar kwakwa. Masunta da kuka bar koma a bakin ruwa kuka zo. Jama'ar tsibirin Bontolaya baki ɗaya, ina gaishe ku.

Ni ce Tenri, matar Daeng Mangka, wanda kuka zaɓa ya wakilce ku a majalisar lardi. Na gode da kuka ba ni wannan dama, alhali kun san ni ba mai magana ba ce. Kun fi sanina a bakin taga, da ɗan littafin soyayya a hannu, shinkafa tana ƙonewa a bayana.

Ranar da aka zaɓi mijina na ɗauka rayuwata ta shiga irin babin da nake karantawa, inda komai nisan da miji ya yi yakan dawo kafin shafin ƙarshe. Shekara biyu ke nan ina dafa abincin mutum biyu ina ci ni kaɗai. Kaka Daeng Ngai ba ta wuce ƙofata sai ta leƙo ta ce, "Ke matar majalisa, ya dawo ne, ko har yanzu hoton bango kike dama wa shayi?"

A watan da iska ta hana jirgin ruwa zuwa, littattafaina suka ƙare. Na rasa abin karantawa, sai na ɗauko wani ɗan littafi da ya manta a cikin aljihun rigarsa, na dokokin aikin ɗan majalisa. Babu soyayya a ciki ko layi ɗaya, amma sau uku na karanta shi, kuma abin da na gani nake so in faɗa muku.

Abu na farko, aikinsa ya saurare mu. Wannan kam yana yi, kuma haƙƙinku ne. Abu na biyu, ya sa ido a kan masu mulki, ya tambaye su ina rijiyar da suka yi alkawari, ina malamin da suka ce sun turo. Abu na uku, wanda ya tsayar da ni a gabanku yau, shi ne ya zauna. Ya zauna a kujerarsa ranar da ake tsara doka, ya zauna ranar da ake raba ayyuka, ya ɗaga hannu idan an zo ƙuri'a. Kujerar da babu kowa a kanta ba ta magana, kuma ba wanda zai tuna da sunan tsibirin da ba shi da baki a zauren.

To, mu me muke yi masa? In an yi haihuwa, a kira Daeng Mangka. In za a tura sabon kwalekwale cikin ruwa, a kira Daeng Mangka. In bai zo ba, a ce birni ya shiga kansa. Daga nan zuwa birni wuni ne da kwana a kan teku, shi kuma mutum ne mai kunya, ba ya iya ce wa babba a'a.

Ranar wanka ba a ɓoye cibiya, don haka ba zan ɗora muku laifin ku kaɗai ba. Bara, a tsakiyar damina, kewa ta ishe ni. Na kira shi a waya na ce zazzaɓi ya kwantar da ni. Lafiyata ƙalau, a wani littafi na ga wata ta yi haka, mijinta ya zo da gudu. Nawa ma ya zo, da magani a jaka. Ashe a ranar da yake kan teku ne aka zauna rabon ungozomomi ga tsibirai. Kowane wakili ya tashi ya faɗi sunan garinsa, namu babu mai faɗa, don haka ba a ba mu ko ɗaya ba. Wata biyar bayan haka Hasni, matar Daeng Tola, ta haihu a cikin kwalekwalen kamun kifi a kan hanyar asibiti. Allah ya raya ta, ya raya ɗiyar. Hasni, ga ki can zaune, ban taɓa faɗa miki ba sai yau. Ki yafe mini.

Yanzu ga Talata mai zuwa. Ita ce ranar lallen Nurlina, 'yar Mai Garinmu. Kun san al'adarmu: ma'aurata tara da ake kyautata zaton zamansu su ne ke ɗora ganyen lalle a tafin amarya, miji da mata tare, ba a karɓar ɗaya shi kaɗai. Mai Gari ya girmama mu, ya sa sunanmu a farko. A wannan Talatar kuma za a kaɗa ƙuri'a a kan hanyoyin jirgin gwamnati na shekara uku masu zuwa, kuma akwai masu cewa a cire Bontolaya, wai mun yi nisa. Jirgin nan shi ke kawo magani, shi ke kai busasshen kifinmu kasuwa, shi ke kai yaranmu jarrabawa. Taura biyu ba ta taunuwa.

Shekaranjiya ya kira ni, muryarsa a dushe. Ya ce ba ya son ya kunyata Mai Gari, mutumin da ya riƙe masa hannu lokacin zaɓe. Sannan ya ce, "Tenri, ke ki yanke. In zo, ko in zauna?"

Wata uku rabona da ganinsa. Na riga na ɗinka mana kaya iri ɗaya saboda wannan biki, suna nan a ninke. Na dube su, sannan na ce masa, "Zauna, Daeng."

Saboda haka, Mai Gari, ba zai zo ba, kuma ba raini ba ne. Ina roƙonka a gaban jama'a ka ba wasu ma'aurata gurbinmu. Ni zan zo tun asuba in naɗe shinkafa a ganyen ayaba tare da sauran mata, in an fara lalle in koma baya in yi kallo. Wanda ransa ya ɓaci, kada ya kai fushinsa birni. Ni na yanke, kuma kowa ya san ƙofata, ba kowa a gidan sai ni.

Allah ya ba wakilanmu ikon riƙe amana, ya ba mu haƙurin barin su su riƙe ta. Allah ya kwantar mana da teku, ya dawo da kowane masunci gidansa lafiya. Ke kuma Nurlina, Allah ya sanya albarka a aurenki, ya ba ki mijin da za ki riƙa jin takunsa a kan matakala kowace yamma.

Na gode.