Ranar da na cire takunkumi saboda Inna Hajo

Assalamu alaikum Malam mai karanta mana wasiƙu, sannu da aiki. Ni ce Rabi, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin gidan likita kusa da Garhanga.

Bara da damana anka kawo mini wata tsohuwa, Inna Hajo, tana tari har da jini. Na shiga da takunkumi a huska, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, ni dodo ce da za ki rufe mini huska? Buɗe in gan ki." Malam, kunya ta kama ni, na cire. Ta daɗe tana kallona, ta ce idanuna irin na ɗiyarta ne da ta rasu. Tun ranar, in na shiga ɗakinta sai takunkumin ya koma aljihu, mu yi ta hira.

Ita ta warke, ta koma gida. Ni kuwa wata biyu ke nan ina shan maganin tarin huka. Da la'asar in zazzaɓi ya taso, nakan kwanta ƙarƙashin iccen bedi in ga duwatsun Adar suna tahiya kamar raƙuma, Inna Hajo bisa ɗaya tana yi mini murmushi. Ba na jin haushinta ko kaɗan. Amma jaririyata tana wurin uwata, daga bakin ƙofa nike hango ta.

Ina gaida abokan aiki na Keita, Buza da Madawa. Ku ba ni shawara: in na koma aiki, wata tsohuwa ta ce in buɗe huska, da wane baki zan ce mata a'a?