Abba Guda a Fuskar Duk Makaranta

Gyaɗar Inna aka sayar aka ba ni kuɗin mota daga Zungur. Ku daina dariya, a lokacin Bauchi nesa ce ga wanda ba shi da kowa a cikinta.

Na samu aiki a shagon wani Oga Bulus a Yelwa, saboda na ɗan iya kwamfuta. A shagon nake kwana, shi ke riƙe makulli. Wata makaranta a Gwallameji ta ba shi kwangilar shafin intanet, inda iyaye za su ga hotunan 'ya'yansu. Hotunan suna cikin wani rumbu da suke kira databes, ni kuwa "data-bas" nake cewa, abokan aikina suna ta yi mini shaƙiyanci. Ni na rubuta umarnin da ke ɗauko su.

Sai ga matsala. In aka danna sunayen yaran, rabinsu fuska ɗaya ke fitowa, wani mai kunnuwa kamar faifai. Na tsani yaron nan, Allah ya yafe mini.

A makon ne aka aiko cewa Baba ya karye a ƙafa, ga dawa ta nuna ba mai yanka.

"Oga, zan je gida."

"Hoto bai fito ba, kai ma ba ka fita."

"Dawarmu za ta zube, Oga."

"Ni ma kwangilata za ta zube."

Ya kulle ni a shagon, abinci ta taga yake miƙo mini. Na bi layukan umarnin nan har idona ya yi ja, ban ga kuskure ba, ga zuciyata tana gona. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba.

Sai da na duba sunayen da ke rumbun na gane, ashe iyayen ne ba sa faɗin sunan yanka, don yaran sunan kakanninsu suka ci. Kowa Abba, kowa Ummi, haka aka shigar da su. Ni kuma da suna nake kiran hoto, sai injin ya kawo Abban farko da ya tarar. Na mayar da shi kira da lamba, kowa ya fito.

Da na isa Zungur, shanu sun riga ni gonar. Baba yana kwance a zaure, na yi masa bayani duka, ya saurara.

Ya ce, "Yanzu kowane uba ya ga fuskar ɗansa?"

Na ce ya gani.

"Madalla. Ni dai ban ga ta nawa ba."