Bakinsa Yana Motsi

A rumfar gyaran waya, wata dattijuwa ta miƙa wa mai gyara wayarta. Bidiyon wani tsoho ne a kai, yana dariya.

"Ɗan nan, lasifikar ta mutu. Ga bakin maigidana yana motsi, amma ba na jin komai."

Mai gyara ya latsa nan, ya latsa can.

"Mama, wayarki lafiyarta ƙalau. Shafin da aka ɗora bidiyon ne ya cire sautin. Wai akwai waƙa a ciki."

"Wace waƙa? Mutumin da ko a banɗaki ba ya waƙa! Labari yake ba jikokinsa."

"Rediyo ne a kunne a bayansa. Waƙar tana da masu ita."

"To su kwashe waƙarsu, su bar mini muryarsa mana."

"Na'ura ce, ba ta tsincewa. Ina ainihin bidiyon?"

"Yana tsohuwar wayata da aka sace."

"Sai ku sake ɗaukarsa."

"Ya rasu bara."

Mai gyara ya sake duban tsohon da ke dariya a wayar.

"Wato shi muryarsa ba ta da mai ita?" in ji ta.

Ta matso kusa da wayar.

"Mayar mini da bidiyon farko. Na haddace abin da yake faɗa."