Rediyoyin da Dokas Ta Wanke

AISATU: Salamu alaikum. Maman Kwaji, kina jina?

DOKAS: Adda Aisatu, ke ce? Ina wuni, ya Yola?

AISATU: Lafiya lau. Ya Mubi, ya yara?

DOKAS: Suna nan ƙalau. Ya ƙafar Malam?

AISATU: Da sauƙi. Ya zafi?

DOKAS: Zafi lokacinsa ne. Ya baƙunta?

AISATU: Shekara biyu ai an daina ce mana baƙi. An gyara layinmu na kasuwa?

DOKAS: An fara. Rumfarki wani mai takalma ne a ciki. Shagon maigidana Vandi kuwa har yau baƙin bango ne, yadda wuta ta bar shi.

AISATU: Allah sarki. Ni fa an ce min an ga sabon kwanon rufi a ƙofar gidanki.

DOKAS: Labari ya riga ni isa Yola kenan. Gaskiya ne. Na samu kwano bandir biyu, ɗakin yara zai rufu kafin damina. Na rabu da buhu uku na kayan shagon Vandi, na kuma rabu da abin da ban taɓa zaton zan kai kasuwa ba.

AISATU: Buhun me? Layin yana yankewa.

DOKAS: Kayan shago na ce. Da muka dawo gudun hijira daga Kamaru, ba na je na tone tokar shagon ba? Rediyoyin mutane da yake gyarawa, wayoyi da suka narke suka manne da juna, kaset-kaset. Sau huɗu 'yan gwangwan suna zuwa da ma'auni, ina korarsu.

AISATU: To wa ya iya da ke har ya saya?

DOKAS: Wani mai gemu daga Jos, Ishiyaku. Wai sana'arsa tara matattun kayan lantarki ya sa su yi kuka. Ya manna wani ƙarfe kamar kwabo a jikin ƙonanniyar rediyo, ya ja ƙusa a kai, ya toshe min kunne da abin sauraro. Adda, sai na ji kamar hadari ya taso a cikin kaina. Wai zai rataye su a wani babban ɗaki a ƙasar Turawa, mutane su shiga su saurara.

AISATU: Su bar gidajensu su je jin kukan bola?

DOKAS: Mai ƙoshi ai ba ya rasa abin yi. Ya taya dubu talatin, na ce albarka. Ya ƙara, na ce albarka. Ya ce bayan sati zai dawo da mota mu ƙarasa. To ke kin san ni, shekara ashirin ina sayar da tumatir, ban taɓa baza kaya da datti ba. Na ɗebo toka da yashi da soson ƙarfe. Kwana uku ina dirza, har fatar yatsuna ta saɓule. Na bi su da man gyaɗa suna ƙyalli.

AISATU: Ai dole kuɗi ya hau.

DOKAS: Ya hau ina? Mutumin nan da ya gansu sai ya zauna a ƙasa ya riƙe kai, kamar shi aka yi wa rasuwa. Wai baƙin hayaƙin nan shi ya zo saya. Wai na wanke shaida.

AISATU: Ikon Allah.

DOKAS: Na ce in wuta kake so, ga tsohuwar taya, ga kananzir, ba ni minti goma. Ya ce a'a, ba zai yi wa masu kallo ƙarya ba, wannan ba wutar ranar da aka kai wa Mubi hari ba ce. Na ce wutar ranar ni na santa, kai a rediyo ka ji ta.

AISATU: Kin faɗa masa daidai. Sai ya tafi?

DOKAS: Sai ya ce yanzu kam ba su wuce kuɗin 'yan gwangwan ba. Sannan ya fito da wata 'yar rikoda. Wai tunda hayaƙi ya tafi, in faɗi yadda Vandi ya mutu, ya sa muryata a cikin rediyoyin, duk wanda ya matso ya ji.

AISATU: Ke? Ke da ko fastonku ba ki gaya wa ba? Ni kaina sau nawa na tambaye ki, ki ce a bar maganar.

DOKAS: Masu rabon tallafi ma sun zo da takardu, na rufe ƙofa. Na ce masa Vandi ba tumatir ba ne. Ya ɗauki jakarsa ya nufi mota. Ina tsaye, sai na ga gabas ta yi duhu ta wajen Sahuda. Na waiwaya ɗakin yara, leda ce a sama da duwatsu. Bara a tsaye suka ci damina. Na aika a kira shi.

AISATU: Wayyo, Maman Kwaji.

DOKAS: Kar ki ji tausayina, ciniki na yi. Na zauna a kan turmi na faɗa. Yadda ya raka mu har bakin hanya, ya sauke ƙaramar 'yarmu daga wuyansa, ya ce zai koma ya kulle shago, kayan mutane amana ne. Yadda na riƙe rigarsa ya cire hannuna. Na faɗa tsaf, idona a bushe. Na gama sai ya ce injin markaɗen maƙwabta ya shiga ciki, in sake daga farko.

AISATU: Kika yarda?

DOKAS: Na sake. Ina kaiwa wajen rigar nan sai murya ta ƙi. Adda, abin da na riƙe shekara biyu ya ɓalle a gaban baƙo. Ina kuka kamar yarinya, shi kuwa bai kashe abin ba. Ko kallona bai yi ba, wata 'yar wuta da ke rawa a jikin rikodar yake kallo. Da na yi shiru sai ya ɗago ya ce, Mama, wannan ya fita da kyau.

AISATU: Innalillahi. Ba ki kore shi ba?

DOKAS: In kore shi da kayana a aljihunsa? Na share fuska da zane, na ce to tunda ya fita da kyau, zauna mu yi magana. Ya ce dubu ashirin. Na ce goge abinka ka kama hanya. Ya fara min wa'azi, wai duniya za ta san abin da aka yi wa Mubi. Na ce duniya ta sani tun ranar, ba ta zo ba.

AISATU: Maman Kwaji, matar nan ta cikin waya ta yi magana, katina ya kusa ƙarewa. Nawa kuka tsaya?

DOKAS: Buhu uku, aikin hannun Vandi na shekara goma sha takwas, dubu huɗu. Ko sisi ya ƙi ƙarawa.

AISATU: Muryar fa? Yi sauri.

DOKAS: Ta farko da ba kuka, kyauta ya bar min ita. Mai kukan, dubu arba'in da biyar na karɓa.