Bashin da Ba a Ambata Ba Ranar Jana'iza

Assalamu alaikum, Malam mai gabatar da shiri. Ni ce Hadiza daga Gidan Rumji.

Maigidana malamin lakol ne, wato makarantar boko. Ranar jana'izarsa ina daga cikin gida na ji liman yana tambaya ko akwai mai binsa bashi. Babu wanda ya amsa, na gode wa Allah. Ina cikin takaba sai ga takarda daga banki. Ashe lokacin da aka yi mini aiki a asibitin Maraɗi ya ciri kuɗin da suka fi albashinsa. Ni cewa ya yi abokansa ne suka taimaka.

Danginsa sun ce banki ba mutum ba ne, in manta kawai. Na kasa. Yanzu ina suyar ƙosai, duk ranar kasuwa ina ware jika biyu na sefa don biyan bashin. Yarana sun daina shan shayi da safe, ban gaya musu dalili ba. Ba ni da wanda zan yi wa wannan magana sai ku.

Don Allah a tambayar mini malamai. Na ji an ce bashi yana riƙe mamaci. Tunda lafiyata ya saya da shi, zai samu hutu yanzu, ko sai na gama biya?