Kakata ta ji labarin tafiyata a bakin mai akwati

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Sunana Rakiya, daga unguwar Adjamé Liberté a Abidjan.

Na samu gurbin karatun haɗa magunguna a Maroko, kuma ban taɓa fita daga Abidjan ba. Ranar da labarin ya zo, mahaifiyata ta ce kada kowa ya ji sai tafiya ta matso, saboda bakin mutane. Na bi maganarta. Har kakata da ke unguwar Arras, wadda ta goya ni tun rasuwar babana, ban gaya mata ba. Ina zuwa gaishe ta, mu ci tuwo tare, in dawo bakina a rufe.

Ashe mutumin da ya sayar mini da akwati a kasuwar Roxy maƙwabcin kakata ne. Shi ya tare ta yana yi mata murna.

Jiya na je sallama. Na tarar ta ƙulle mini yaji da kuka da bargonta na sanyi. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai dube ni ta ce, "Rakiya, ashe har da bakina ake tsoro?"

Na durƙusa ina kuka, ta ce in tashi kada in rasa mota. Ba ta dafa kaina ba, yadda ta saba ko makaranta zan tafi.

Asabar jirginmu zai tashi, ita kuwa ta tsufa, ga ciwo. Iyayena masu sauraro, ku ba ni shawara: da wace magana zan koma mata?