Zagaye Biyu Kacal, Yaya

Auta: Salamu alaikum. Yaya? Kina ji na?

Yaya: Wa alaikumus salam. Auta, kai ne? Ina kwana?

Auta: Lafiya lau. An tashi lafiya? Ya yara?

Yaya: Lafiya ƙalau. Ya amaryar tawa? Ya ƙarfin jiki?

Auta: Jiki alhamdu lillahi. Ya aikin asibiti?

Yaya: Da godiya, yanzu ma zan shiga. To me ya sa kake haki haka?

Auta: Wane haƙƙi kuma?

Yaya: Haki na ce! Numfashi! Kana ina?

Auta: Ina... filin ƙwallo.

Yaya: Filin me?

Auta: Ba wasa nake hurawa ba, Yaya. Zagaye biyu kacal na yi, a hankali. Sai zuciyar nan ta kama dukan ƙirjina. Agogon hannuna ya nuna bugunta ya kai ɗari da hamsin da biyu. Ga ni zaune a kan wata tsohuwar taya, bayan raga.

Yaya: Inna lillahi! Wata biyu da sa maka batir a ƙirji, ka fita gudu?

Auta: To ba likitan ne ya ce in riƙa motsa jiki ba? In na zauna, a ce na cika zama. In na tashi, abin ya yi ta gudu kamar an koro shi. Ya ake so in yi?

Yaya: Tafiya ya ce maka, ina wurin. Tsaya. Jiri fa? Ƙirjin yana ciwo?

Auta: Babu ciwo. Jiri... kaɗan ne, ya wuce.

Yaya: Kaɗan! Yanzu nawa agogon ya nuna?

Auta: Ɗari da... halo? Halo?

Yaya: Ina ji! Ɗari da nawa?

Auta: Da goma sha takwas. Kin gani ai, yana sauka.

Yaya: A hankali ya hau, ko lokaci ɗaya ya zabura?

Auta: Lokaci ɗaya. Jiya ma haka ya yi min a matakalar bene.

Yaya: Jiya ma? Shi ne ba ka faɗa wa kowa ba?

Auta: Wa zan faɗa wa? Sau shida na kira lambar da suka rubuta min a kati, ba mai ɗauka. Da na je asibitin da ƙafata, aka ce in dawo bayan sati uku. Ni kuwa ran Asabar ake gwajin gudu na alƙalan wasa. In ban ci ba, sun cire sunana, sai kuma baɗi.

Yaya: Au, ashe nan aka dosa.

Auta: Shekara goma sha tara ina riƙe da usur, Yaya. Yanzu yaran da na koya wa aikin ne ke ce min "Baba, zauna ka huta." Ke ma'aikaciyar jinya ce. Ki ce min ba komai kawai, in ƙarasa zagayen.

Yaya: Ba zan ce ba. Wataƙila saitin na'urar ne, su ɗora maka abin awonsu su gyara cikin 'yan mintuna. Wataƙila kuma wani abu ne daban. Ta waya zan gane? Sai an auna.

Auta: Bayan sati uku!

Yaya: Yau. Zan shiga in sami likitan da kaina. Mai jiri ba ya jiran sati uku. Ka zo da katinka da magungunanka, kuma kar ka kuskura ka hau babur ɗin nan.

Auta: Asabar ɗin fa?

Yaya: Ka tambaye shi da bakinka. In ya ce ka yi gudu, ni zan riƙe maka ruwa a bakin fili.

Auta: Ba zai ce ba, kin sani.

Yaya: To, ka ji da kunnenka.

Auta: Shi ke nan. Amma don Allah kar ki faɗa wa maiɗakina. Na ce mata aski zan je, in ta ji... Tsaya, wani kiran na shigowa. Kai! Ita ce.

Yaya: Ɗauka mana. Tun da ka ce jiri na tura mata saƙo. Tana tafe da mota.

Auta: Yaya! Wallahi ke dai...

Yaya: Kar ka tashi daga kan tayar nan. Sai kun iso.

Auta: Halo? Yaya? Halo!